Takardun da Inna Ta Ƙi Zubarwa

Ƙanena Sulaiman dakta ne, amma ko ciwon kai bai iya warkarwa ba. Na gaji da yi wa mutanen Bakura, inda nake zaune, wannan bayani tun shekarar da ya gama karatu ya dawo. Sai a zo mini da yaro mai zazzaɓi a ce in kira ƙanena, in ce shi fa daktan fiziks ne da lissafi, a dube ni kamar ina rowar ɗan'uwana. Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, shi ne auta, kuma a bayana ya girma, don haka ina da ikon faɗin gaskiya a kansa. Mutum ne mai kirki, mai kai, wanda idan ka aike shi sayen gishiri zai iya dawo maka da albasa yana murmushi.

Yana koyarwa a wata babbar makaranta a Talata Mafara. Koyarwar ce ke ba shi abinci, amma ba ita ce rayuwarsa ba. Rayuwarsa wata tambaya ce guda ɗaya da ya ɗauko tun yana ɗalibi, ya yi shekaru yana kokawa da ita. Wata rana na tsare shi na ce ya faɗa mini abin da yake nema, da Hausar da malamar firamare irina za ta gane.

Ya ce, "Yaya Taiba, kin san guraben dara?"

Na ce na sani.

"To wasu abubuwa masu tauri, irin ƙarhe da duwatsu masu ƙyalli, in kin shiga can cikinsu, ƙwayoyin da sunka haɗu sunka yi su a jere suke, kowace da gurbinta, awa dara. Akwai waɗanda ba su zama sai bibbiyu, kowace ta kama hannun maƙwabciyarta. Tambayata ita ta, hanya nawa za su iya kamawa in an bar wasu gurabe ba kowa? In mun san adadin, mun san halin abin in ya yi sanyi ƙwarai, ko shi bar lantarki ya wuce, ko shi hana."

"Ka taɓa ganin ƙwayoyin?"

"A'a."

"Ƙarhen hwa, ka taɓa riƙa shi?"

"Wanga aikin wasu na, Yaya. Ni nawa takarda da biro."

Na ce Allah ya kyauta. Ya yi dariya, ya ƙara mini da cewa idan guraben kaɗan ne ana iya ƙirgawa da hannu, idan suka yi yawa kuwa adadin ya fi yashin gulbi, sai dai a samo ƙa'ida guda da za ta ba da amsa. Ya hango ƙa'idar, abin da ya rage ya kafa mata hujja. Akwai wata farfesa a Indiya da suke aikin tare ta waya, ita ma ta yarda cewa hanyarsa ce mai ɓullewa. Ban gane rabin maganar ba, amma na ga fuskarsa lokacin da yake yi, na kuma san cewa idan aka raba shi da wannan abu an raba shi da kansa.

Ga yadda yake aikin. Ba ya iya tunani sai yana zane. Zai ja layuka a tsaye da a kwance su ba da gidaje murabba'ai, ya cika su da lambobi da wasu baƙaƙe masu ƙugiya, ya dube su, ya yi tsaki, ya ture takardar ya ɗauki wata. Don tsimi, a bayan tsofaffin takardun jarrabawa yake yi, waɗanda ke ɗauke da sunan makaranta da nasa sunan. Kuma tun muna makarantar allo a Kaya, garinmu, bulalar malam ta koya masa kada ya fara rubutu ba bisimilla. Har ya zama dakta bai daina ba. Kowace takarda, komai ƙanƙantarta, sai ya rubuta bisimilla da larabci a samanta kafin ya ja layin farko.

Inna kuwa, mahaifiyarmu, a wurinsa take zaune tun da 'yan bindiga suka hana mutanen Kaya sakat muka ɗauko ta. Matarsa Mufida ma'aikaciyar asibiti ce, yini take yi a waje, don haka Inna ce mai gidan da rana. Ita ke shara, ba wanda ya isa ya karɓe mata tsintsiya. To Inna ba ta zubar da takardar da ke da sunan Allah, ko da za a yanka ta. Duk wadda Sulaiman ya cukuikuye ya jefar, sai ta tsince ta, ta warware ta a cinyarta, ta sa a wani tsohon buhun taki a ƙarƙashin gadonta. Ya sani, bai damu ba. A ganinsa shara ce ta sami mai tsaro.

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san hatimi, wato gidajen nan murabba'ai da malamai ke cikawa da lambobi da haruffa, a ninke a ɗinke cikin fata a yi laya. Ni kaina da na fara ganin zanen Sulaiman sai da na tsokane shi na ce ashe malanta ya koma. Muka yi dariya muka wuce. Bai zo wa ɗayanmu a rai ba cewa akwai wanda zai ga abin bai yi dariya ba.

Baturiya 'yar Kaya ce, ƙawar ƙuruciyata, ita ma gudun hijira ya kawo ta Mafara. An ɗauke mijinta a gona, an daɗe ba labari. Takan zo wurin Inna ta zauna ta yi kuka, Inna ta ba ta fura ta ba ta haƙuri. Wata rana ta tarar da Inna tana jera takardun, ta ƙura musu ido, ta ce, "Inna, ashe Dakta na da hannu, kunka ɓoye muna?"

Inna ta ce karatun boko ne. Baturiya ta ce ina boko ina bisimilla. Ta durƙusa ta kama ƙafar tsohuwa. Inna ta gaya mini daga baya cewa ta duba takardar, ta ga sunan Allah a sama, ta ce a ranta ai ko bai yi amfani ba ba zai cutar ba. Ta zaro ɗaya ta miƙa mata don ta daina kuka.

Ba a jima ba mijin Baturiya ya kuɓuto. Masu gadinsa ne barci ya kwashe, ya bi dawa da ƙafa har ya faɗo wani ƙauye a gefen Maradun, ƙafafunsa duk ƙaya. Ikon Allah ne, kowa ya faɗi haka. Amma bayan an faɗi haka, sai a rage murya a ƙara da cewa akwai wata laya da matarsa ta rataya a ƙofar ɗaki.

Daga nan mata suka fara sallama a gidan da hantsi, lokacin da suka san maigidan yana aji. Wannan ɗanta aka ɗauke, waccan mijinta zai bi hanyar Gusau, wata shanunsu aka kora. Inna ba ta karɓi ko ƙwayar goro ba, wannan na rantse a kai. Tausayi ne ya ci ta, da kuma wani ɗan daɗi da ba za ta taɓa amsawa ba. Shekara da shekaru ana tambayarta amfanin karatun autanta tana sunkuyar da kai, yau ga mutane na layi a ƙofarta saboda shi.

Sulaiman bai sani ba sai da wani ɗalibinsa ya tare shi bayan darasi ya roƙi layar jarrabawa. Da farko dariya ya yi har da riƙe ciki. Da ya dawo gida ya ga buhun ya yi rabi, dariyar ta ƙare. Ya kira ni a waya, na hau mota daga Bakura na zo, muka zauna da Inna. Ya yi mata magana a hankali, ya ce wannan ba addu'a ba ce, lissafi ne, lissafin ma wanda ya ɓaci. Ta ce ta ji, ta daina. Ta kuwa daina. Ya fita ƙofar masallaci ya yi wa maza bayani, suka gyaɗa kai suna murmushi, wani dattijo ya ce haka malaman ƙwarai suke, ba su amsa abin da Allah ya ba su. Da ya ƙara musantawa, sai suka ƙara yarda. A lokacin kuma takardun sun riga sun fi ƙarfinmu, don wani ya kai su shagon hoton takardu, har ana sayar da su a kasuwar Talata kusa da masu turare.

Ranar da abin ya fashe ina gidan, na kawo wa Inna sabuwar shinkafa. Rana ta ɗaga, Sulaiman na zaure yana zanensa, sai muka ji babura sun tsaya. 'Yan sa-kai ne daga wajen Maradun, da bindigoginsu na gargajiya da rigunansu masu layu. Ba su dake shi ba. Suka ce ya taso, mai unguwa na kira. Ya fito ba ko hula, biro a hannu. Na ja mayafi na bi su, Inna na bayana tana salati.

Kafin mu isa ƙofar mai unguwa wurin ya cika. Shugaban 'yan sa-kan wani dogon mutum ne mai jajayen idanu, da gani ya kwana biyu bai runtsa ba. Ya ce sun yi artabu da 'yan bindiga a bakin daji, sun kashe ɗaya, amma kafin ya faɗi sai da ya kashe ƙanen shi shugaban, uwa ɗaya uba ɗaya. Ɗan bindigar nan an harbe shi an sake harbi bai faɗi ba. Da suka kwance layun da ke jikinsa suka farke, ga abin da suka samu. Ya ɗaga takarda mai ninki-ninki, da jini a gefenta. Ya juya bayanta, ya sa wani ya karanta sunan makaranta da sunan ƙanena da ƙarfi.

Ban ga laifin mutumin nan ba a lokacin, kuma har yau na kasa ganinsa duka. Wanda ya binne ƙanensa jiya ba ya sauraron darasi.

Liman ya karɓi takardar ya duba da kyau. Ya ce shi ya san hatimi, wannan ba hatimi ba ne, layukan ba su tashi lissafi ɗaya ba, kuma babu sunan mala'ika ko aya. Malam Hosea, abokin aikin Sulaiman da ke koyar da fiziks tare da shi, ya iso da gudu a kan babur, ya ce shi Kirista ne, bai san laya ba, amma ya san wannan aiki, ana yin irinsa a jami'o'in duniya, kuma zai iya kawo littattafai a gani. Mutane suka fara sassautowa. Na ji numfashina ya fara dawowa.

Sai shugaban ya miƙa wa Sulaiman takardar ya ce, "Hannunka na ko ba hannunka na ba?"

Da ƙanena mai wayo ne da ya ce i, ya yi shiru. Amma ya karɓa, idonsa ya faɗa kan lambobin, na ga goshinsa ya tattare irin yadda yake yi a zaure. Ya manta da bindigogi, ya manta da jini. Ya ce, "Hannuna na. Amma wagga ba daidai take ba, akwai kuskure a layi na ukku. Shi yas sa na yar da ita."

Shugaban ya matso har numfashinsa na taɓa fuskar Sulaiman.

"Wadda ab ba daidai ba ita taƙ ƙi harsashi. To ta daidai ɗin, wa kab ba?"

Hayaniya ta tashi. Wani ya ce a tafi da shi daji a tambaye shi a can, kuma kowa a wurin ya san ba a dawowa daga irin wannan tambaya. Biyu daga cikinsu suka kama hannuwansa. Mai unguwa na magana ba mai ji.

Inna ce ta ratsa maza ta shiga tsakiya. Tsohuwar da ko a gaban surukinta ba ta ɗaga murya. Ta ce ita ce ta ba da takardun, yaronta bai sani ba, in kisa ne a kashe ta. Shugaban ya ce ba su kashe tsofaffi, kuma ko an bar shi yau, gobe zai zana wata ta faɗa hannun ɓarayi. Sai ta juya ta fuskanci Sulaiman, ta dafa ƙirjinta da hannu biyu.

"Auta, dube ni. In kas sake zana gidajen ga, ban yahe maka nonon da kash sha ba, duniya da lahira."

Shugaban ya ce, "Ko a ƙasa."

Ta ce, "Ko a ƙasa."

"Ko cikin na'ura. Ko shi sa wani shi rubuta mai."

Ta maimaita duka, kalma bayan kalma, hawaye na zuba. Da rantsuwa aka sa Sulaiman ya yi, da ba su yarda ba, don sun san ana kaffara. Amma bakin uwa ba shi da kaffara, su ma uwaye suka haife su. Suka sake shi. Aka kwaso abin da ya rage a buhu da wanda ke zaure, liman ya sa aka ƙone su a wuri mai tsabta aka binne tokar. Sulaiman na tsaye yana kallo. Da muka koma gida ya durƙusa ya yi wa Inna godiya, ita kuma ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

Ranar na yi murna, ba zan ɓoye ba. Na ce takarda ce, ta tafi ta daɗe, ga ɗan'uwana da ransa. Sai a hankali na gane abin da aka ƙone.

Ya ci gaba da zuwa aji yana koya wa 'yan shekarar farko abin da ke cikin littafi. Ya daina zama a zaure. Farfesar Indiya ta yi ta aiko da saƙo, ya amsa mata cewa yana da uzurin gida, har ta gaji ta rage. Malam Hosea ya ba shi shawara ya nemi aiki a Zariya ko Kano, inda ba wanda ya san shi. Sulaiman ya ce ai Inna ba ta ce a Mafara kaɗai ba. Mufida ta ce mini abinci ma sai ta tsaya a kansa. Da la'asar sai ya bi bakin magudanar ruwan noman rani, ya yi ta tafiya tsakanin gonakin shinkafa, hannuwansa a cikin aljihu, leɓɓansa na motsi. Masu ban ruwa suka riƙa gaishe shi daga nesa, wasu don girmamawa, wasu don tsoro.

Bayan an yi girbi ya zo mini Bakura ba sanarwa. Ina tsakar gida ina gyaran zogale ya shigo, ya rame, amma idonsa na haske kamar na yaron da aka ɗinka wa rigar salla. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Yaya, na same ta."

"Wa?"

"Hujjar. Tun da anka hana ni zane dole na riƙa ɗaukar abin dut a kai, sai na ga abin da takarda ta ɓoye mani. Ta hito, daga hwarko har ƙarshe."

Na yi masa barka, na ce to sai ya rubuta. Ya dube ni, na tuna, na ji kunya. Ya ce doguwa ce, hawa-hawa, kuma ba ta rubutuwa sai da zanen. Kullum bayan asuba sai ya bi ta daga farko zuwa ƙarshe don kada ta zube, kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono a kan hanya mai duwatsu. Ya ce ba zai iya riƙe ta har abada ba. Shi ba zai iya tunkarar Inna ba, don kada ta ga kamar ya raina abin da ta yi masa. Ni ce babba, ni zan roƙa.

Na je. Inna ba ta kiran sunana, kasancewata 'yar fari, sai dai ta ce "ke". Na same ta tana jan carbi, na yi doguwar gaisuwa, na kewaya na kewaya, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce zai rubuta a ɗaki a kulle, ya aika ta waya, ya ƙone takardar da hannunsa, ba mai gani. Ta ajiye carbin ta dube ni.

"Ke, kin ga idon mutumin nan ranar?"

Na ce na gani.

"Ni na jawo mai. Da hannuna na miƙa takardag ga. In na buɗe baki na sake shi, wani abu yas same shi, ki ce in shiga ina? Ku bari gari shi yi sanyi. Ba cewa niy yi har abada ba."

Amma har abada ta ce a gaban mutane, mu duka mun sani. Na koma bayan sati biyu, na sake komawa. Duk lokacin da ta fara laushi sai a kai hari wani ƙauye, a kawo gawarwaki asibiti, ta sake ƙanƙame maganarta. Na yi fushi da ita, na yi mata magana mai zafi irin wadda ban taɓa yi ba, ta yi kuka, ni ma na yi. Ba mugunta ba ce. Tsoro ne, kuma ni ban san maganin tsoron uwa ba.

Sulaiman ya daina tambayata yadda muka yi. Sau ɗaya ya ce mini akwai wani mataki a tsakiya da ya fara yi masa gardama, sai ya tsaya ya sake gina shi kafin ya wuce. Ya faɗa ne kamar mai ba da labarin ciwon wani.

Ana cikin haka Inna ta faɗi a bakin randa. Hawan jini ne, ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace. Aka kwantar da ita a asibiti. Tana ganinmu, tana gane mu, amma magana ta tafi. Idan ta yi yunƙuri sai wani sauti ya fito wanda ba kalma ba. Sulaiman ya zauna a gefen gadon yana shafa mata ƙafa, yana ba ta kunu da cokali. Ko sau ɗaya bai ɗaga maganar ba. Ni ce na sunkuya a kunnenta da ya fita, na ce, "Inna, in kin sake shi ki matsa hannuna." Hannun hagun nata ya yi ta rawa a cikin nawa, kamar yadda yake yi tun da ta faɗi. Na kasa cewa matsi ne, na kasa cewa ba matsi ba ne.

Ta rasu da azahar, lokacin Sulaiman ya tafi kantin magani sayo allura. Ni kaɗai ce a wurin.

Bayan an yi addu'ar bakwai mutane sun watse, liman da kansa ya kira Sulaiman ya ce masa maganar da uwa ta yi don tsare ran ɗanta ba ta ɗaure shi idan an kauce wa cutarwar, kuma Allah ya san niyyarta. Sulaiman ya yi godiya sosai. Da liman ya tafi, ya ce mini malam ya yi gaskiya a littafi, amma ba malam ne ya shayar da shi ba.

Na kwana biyu ina juya abin a raina. Na dubi yadda wuyansa ya zama siriri a cikin riga, na dubi Mufida da ke kallona kamar ni ce na riƙe mabuɗi. Ranar da zan koma Bakura na same shi zaune a ɗakin Inna, a kan tabarmarta. Na zauna kusa da shi na gyara murya.

"Auta, akwai abin da ban hwaɗa maka ba, na bari hankali shi kwanta. Da kat tahi sayen allura, bakin Inna ya buɗe. Tac ce in gaya maka ta yahe, ka yi zanenka."

Bai motsa ba. Na ga maganar ta shige shi, na ga kafaɗunsa sun sauka, yatsun hannunsa na dama suka haɗu kamar sun riƙe biro. Ban taɓa ganin yunwa irin wadda na gani a fuskarsa ba. Yana so ya yarda, ya Allah, yana so. Ya daɗe a haka, har na fara jin na yi nasara.

Sannan ya juyo ya dube ni, a hankali, ba fushi.

"Da bakinta tac ce?"

"Da bakinta."

Ya miƙa hannu kan akwatin Inna ya ɗauko Alƙur'aninta da ke cikin gafaka, ya riƙe shi da hannu biyu, ya ajiye a tsakaninmu.

"Yaya, kina da alwala?"

Ina da ita. Na dubi gafakar, na ɗaga hannu, ya tsaya a sama ya ƙi sauka. Ni da ke da bakin da duk Bakura ke tsoro, na kasa rantsewa. Muka zauna haka, ana kiran sallar la'asar a waje.

Ya ɗauke Alƙur'anin ya mayar inda yake. Ya ce, "Na gode, Yaya. Na san don ni kinka yi."

Na ce, cikin kuka, ya faɗa mini hujjar ko da baki ne, in saurara kawai, ba zan rubuta ba, don dai wani ya taɓa jin ta. Ya lumshe ido, leɓɓansa suka fara motsi. Na jira. Suka yi tafiya mai ɗan nisa, suka tsaya. Suka koma farko, suka sake tsayawa a wuri ɗaya.

Ya buɗe ido ya ce, "Tashi mu tahi, kar ki rasa mota."